Haɗa ɗakin ɗinki da babban gini a baƙar lakar Gadarif, gabashin Sudan

Mai tambaya, Gadarif:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawarar masu sani a kan wani aiki da nake son in yi da hannuna kafin damina ta faɗi. Gidanmu na jan bulo ne, ɗaki uku da baranda, rufin kwano, kuma a ƙarshen tsakar gida ta gabas akwai ɗaki guda da aka gina daga baya, wanda maiɗakina take ɗinki a cikinsa. Tsakanin ƙofar baranda da ƙofar wannan ɗaki mita 6 ne, amma duk wanda ya san Gadarif ya san cewa daga Yuli zuwa Satumba wannan ɗan taƙin yakan zama taɓo mai riƙe takalmi. Mahaifiyata, wadda ta dawo wurinmu daga Madani a Disambar 2023, tana fama da ciwon gwiwa, kuma ta fi son yini a ɗakin ɗinkin tare da surukarta. Nufina in gina bango daga baranda zuwa ɗakin, in ɓanɓare wasu bulo a jikin tsofaffin gine-ginen domin sabon ya shiga cikinsu, in zuba kankare a ƙasa, in rufa da kwano. Ta arewa katangar maƙwabcina ce, kuma ina tunanin ɗora kan rufin a jikinta domin in rage kashe kuɗi. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Tsohon magini, Mayurno:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya yi maka albarka da wannan niyya ta kyautata wa mahaifiya. Sai dai abin da ka ambata na saƙa sabon bango cikin tsoho, ina roƙonka ka bar shi. Ƙasarku da tamu iri ɗaya ce, baƙar laka wadda take kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta daddare idan rani ya yi, har hannun mutum ya shiga tsagar. Babban gininka ya daɗe, ya zauna, yana da nauyi, motsinsa kaɗan ne. Ɗakin ɗinkin ƙarami ne, yana hawa yana sauka da nasa lokacin. Idan ka kawo bango na uku ka ɗaure su gaba ɗaya, kamar ka ɗaure jakai biyu ne da igiya ɗaya alhali kowanne na son tasa hanyar, kuma wurin da ka ɗaure ɗin nan ne zai fara tsagewa. Na sha ganin haka tun daga nan Mayurno har Sinja, kuma tsagar ba ta tsayawa a kan sabon gini, takan bi ta shiga kusurwar tsohon ɗakin da bai taɓa yin komai ba. Ka bar sabon aikin ya tsaya da ƙafarsa, ya kusanci gine-ginen biyu ba tare da ya riƙe su ba.

Ɗan kasuwa, Bur Sudan:
Baba, da izininka, ni ina ganin matsalar ta rashin ƙarfin gini ce. Idan ya haƙa tushe mai zurfi, ya sa rodi isasshe, ya zuba ginshiƙai da rufin kankare, babu abin da zai motsa. Simintin Atbara yana samuwa, kuma aikin da aka yi sau ɗaya da kyau ya fi wanda za a riƙa gyarawa duk shekara. Rufin kwano ma ai zafi ne da shi, gara ya yi na kankare ya huta, watakila nan gaba ya mayar da wurin cikakken ɗaki.

Injiniya, Omdurman:
Yaya, shawararka za ta yi daidai a ƙasa mai yashi da tsakuwa, amma Gadarif ba haka take ba, kuma ina goyon bayan Baba ɗari bisa ɗari. Ƙarfin da irin wannan laka take turawa sama idan ta jiƙa yana iya fin nauyin ƙaramin gini, shi ya sa ƙananan gine-gine da katangu da daɓe suka fi manyan benaye shan wahala a Jazira da Sinnar da Gadarif. Danshin ƙasar yana sauyawa daga damina zuwa rani har zurfin da ya wuce mita ɗaya, a wasu wurare ya kai biyu ko fiye, kuma wanda yake son kankarensa kada ya motsa dole ne ya kai tushensa ƙasa da wannan zurfin, sannan ya ɗaga katakon kankaren da ke ɗauke da bango daga ƙasa domin laka ta sami wurin kumbura. Wannan aiki ne na kuɗi mai yawa da lissafi, ba na mutum ɗaya da shebur ba. Kuma ko da an yi shi, sabon ginin zai tsaya cik yayin da tsofaffin biyu suke ci gaba da motsi, saboda haka tsagewar tana nan a mahaɗa.

Abin da nake ba ƙanena shawara shi ne ya yi tunanin rakuba, wato rumfa, mai ƙarfi, ba ɗaki ba. Ginshiƙai na bututun ƙarfe, rufi mara nauyi, da tazarar santimita 2 zuwa 3 tsakanin sabon aikin da kowane tsohon bango. Kada a cike tazarar da siminti. A cusa abu mai laushi kamar soso ko farin kumfan da ake samu a kwalin firji, a rufe fuskarsa. A sama kuma a lanƙwasa fallen kwano a kafe shi a jikin tsohon bango kaɗai, ya sauko ya lulluɓe bakin sabon rufin da kamar santimita 15 ba tare da an buga masa ƙusa a ciki ba. Ta haka ruwa ba zai shiga ba, kuma kowane ɓangare zai yi motsinsa.

Ɗan kasuwa, Bur Sudan:
Na fahimci batun mahaɗar, injiniya, amma har yanzu ban gamsu da cewa rumfa ta isa ga tsohuwa mai ciwon gwiwa ba. Iskar hadari a Gadarif ba ta wasa ba ce, kuma na ga kwanon da iska ta yaye ta jefa gidan wasu.

Mai walda, Gadarif:
Alhaji, tsoronka yana kan hanya, amma kwanon da iska take ɗauka yawanci wanda aka aza wa duwatsu ne ko aka buga da ƙusa a ruɓaɓɓen katako. Rufi mara nauyi ba danne shi ake yi ba, ɗaure shi ake yi tun daga ƙasa. Ga tsawon mita 6, ginshiƙai huɗu a kowane gefe sun isa, wato tazarar mita 2, na bututu mai inci 3 mai kauri. A ƙasan kowanne a yi waldar guntun rodi a gicciye domin kankare ya riƙe shi, a shafa jan fentin hana tsatsa sau biyu kafin a binne, ɓangaren da zai shiga ƙasa kuma a ƙara masa kwalta. A toshe saman bututun, domin idan aka bar shi buɗe ruwa yakan taru a ciki ya ci ƙarfen daga ciki ba tare da an lura ba. Kwanon kuma a kama shi da ƙugiya mai noti da roba, a saman tudun kwanon, ba a cikin kwarin da ruwa yake bi ba. Ban ba da shawarar katako ba saboda gara. Malam, awo da haƙa da fenti da ɗora kwano duk kana iya yi da kanka, amma walda ka kira mai sana'ar, yini ɗaya ya ishe shi idan ka shirya komai.

Mai tambaya, Gadarif:
Na gode ƙwarai. Na bar batun saƙa bango. Baba, zurfin ramin ginshiƙan fa, kuma yaya zan yi da ƙasan wurin, tunda injiniya ya ce daɓe yana tsagewa?

Tsohon magini, Mayurno:
Kafin rami, ɗana, ka fara da ruwa. Ka tuna inda ruwan tsakar gidanka yake bi idan an yi mamako, domin abin da za ka gina zai gitta masa hanya. Laka ba ta cutar da gini sai idan wani gefe ya jiƙe wani ya bushe, kuma mafi munin abu shi ne ruwa ya kwanta a gindin bango. Ka sami siririn tiyo mai haske, ka cika shi da ruwa, kai ka riƙe baki ɗaya wani ya riƙe ɗaya, ku yi alama a jikin baranda da jikin ɗakin ɗinki daidai inda ruwan ya tsaya. Daga wannan alama za ka auna ka san wace ƙofa ta fi tudu da nawa. Na tabbata ba daidai suke ba, ba a taɓa samun ɗakin da aka gina daga baya ya zo daidai da na farko ba sai da gangan. Kusurwa kuwa ka fitar da ita da igiya: mita 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya, idan tsakaninsu ya ba ka 5 to ta miƙe.

Rami ka kai shi mita ɗaya, faɗinsa kamar kamu biyu, ka zuba yashi a ƙasa ka daddaɓe kafin kankare. Kwaɓin kuwa siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kuma kada ka cika ruwa don ya yi sauƙin zubawa, ruwa mai yawa yana raunana shi. Game da ƙasa, ni ba zan zuba kankare ba. Ka kwashe laka kamar santimita 40, ka cike da jar ƙasa mai tsakuwa kaɗan kaɗan kana yayyafa ruwa kana daɓewa, ka shimfiɗa yashi, sannan ka jera jan bulo da aka ƙona sosai a kwance, ka share yashi ya shiga tsakaninsu. Idan wani wuri ya taso bayan damina, sai ka cire bulo goma ka gyara ka mayar. Kankaren da ya tsage kuwa sai fasawa.

Injiniya, Omdurman:
A nan zan ɗan saɓa wa Baba, tare da girmamawa. Jeren bulo a kan yashi yana barin ruwa ya ratsa, kuma ga mai tafiya da sanda, bulo ɗaya da ya taso da santimita ɗaya ya isa ya kayar da ita. Na fi son kankare mai kaurin santimita 10 a kan cikon da Baba ya faɗa, da leda a ƙarƙashi, amma a yanka shi gida gida, kowane gida kada ya wuce mita ɗaya da rabi, kuma kada ya manne da ginshiƙi ko bango. A bar fuskarsa da ɗan kaushi, a ja tsintsiya a kai kafin ya bushe, domin daɓe mai sulɓi idan ya jiƙe haɗari ne. A karkata shi zuwa tsakar gida da kamar santimita 2 a kowace mita.

Tsohon magini, Mayurno:
Ɗana injiniya, maganarka a kan sanda gaskiya ce, amma ka tuna cewa ruwa a Gadarif saye ake yi da ganga a keken jaki a unguwanni da yawa, musamman a ƙarshen rani, wanda shi ne lokacin da yake son yin aikin. Kankare yana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, kuma a zafin Afrilu da Mayu, wanda bai yi haka ba ƙura ya zuba. Idan yana da halin ruwan, ya bi taka. Idan babu, bulo a ƙarƙashin rufi ba zai sha ruwa da yawa ba, kuma ana iya cike tsakaninsa da siminti mai rauni. Ban janye ba, amma na bar masa zaɓi.

Injiniya, Omdurman:
Na karɓi wannan, Baba. Idan ya zaɓi kankare, ya zuba da yamma, ya lulluɓe da jiƙaƙƙun buhunan algarara sannan ya ɗora leda, hakan yana rage ruwan da zai kashe sosai. Kuma ya tabbata ruwan kwaɓin mai daɗi ne, ba na rijiya mai gishiri ba.

Hajiya mai ɗinki, Kasala:
Sallama gare ku. Na ga an yi maganar ƙarfe da siminti, amma ba a tambayi matan da za su yi amfani da wurin ba. Ɗana, ka zauna da maiɗakinka da Inna kafin ka sayi komai. Mu masu ɗinki haske da iska su ne jarinmu. Idan rufin ya zo ya tsaya a kan ƙofar ɗakin, hasken yamma da yake shigowa ta nan zai ragu, kuma zaren baƙi a kan baƙin yadi ba ya ganuwa a duhu, ga wutar lantarki ba kullum ba. Ka sa falle ɗaya na kwanon roba mai haske kusa da ƙofar, guda ɗaya kawai domin yana shigo da zafi. Kada kuma ka toshe tagogin arewa da kudu, domin ta nan iska take ratsa ɗaki a ƙasar nan, ta arewa da sanyi, ta kudu da damina.

Sannan faɗin hanyar kada ya gaza mita ɗaya da santimita 20, domin wata rana Inna za ta buƙaci a riƙe ta a gefe, kuma angarib, wato gadon igiya, ma sai ya wuce. Kada a yi matakala ko ɗaya. Idan ƙofofin sun bambanta, a yi gangare mai sauƙi, a sa ƙarfen dafawa a jikin ginshiƙan daidai ƙugu. Akwai kuma batun sutura: matan da suke kawo ɗinki ta ina za su shiga? Idan sabuwar hanyar ta sa dole su ratsa barandar da maigida yake zama da baƙinsa, wasu za su daina zuwa. Ka bar musu buɗaɗɗen wuri daga tsakar gida kai tsaye.

Injiniya, Omdurman:
Hajiya ta kawo abin da ya fi duk lissafina amfani. Gangaren da ake so shi ne kowane santimita ɗaya na tudu ya sami santimita 12 na tsawo, saboda haka a mita 6 yana da sararin da zai ɗauki bambanci mai yawa, amma ya bar fili miƙaƙƙe a bakin kowace ƙofa. Gefen kudu, inda feshin ruwa zai fi shigowa, ya yi rabin bango mai tsayin mita ɗaya tsakanin ginshiƙai, ba a ɗaure da gine-ginen ba, sama kuma raga da asabari da ake naɗewa. Kwanon ya zarce ginshiƙan da rabin mita. Zafi kuma ana rage shi da ɗaga rufin ya kai mita 2 da santimita 70, a shimfiɗa zana ko tabarmar kaba a ƙarƙashin kwanon, a shafa wa samansa farin fenti.

Malamin makaranta, Damazin:
Ina so in koma kan katangar maƙwabci, domin an wuce ta. Ya tabbata a hadisin Abu Huraira, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa. Amma malaman Malikiyya sun ɗauki wannan a matsayin kwaɗaitarwa ga mai bangon, ba haƙƙin da ake karɓa da ƙarfi ba, kuma ƙa'idar da ta hana cuta da cutarwa tana nan a kan mai aikin. Saboda haka, ɗan'uwa, ko ka ɗora ko ba ka ɗora ba, ka je ka same shi, ka nuna masa abin da za ka yi, musamman inda ruwan rufinka zai zuba. Iyayenmu da suka zauna ƙasar nan tun bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda aka yi da Turawan Ingila a arewacin Najeriya, da kyakkyawar maƙwabtaka suka zauna, kuma yawancin rigimar da nake gani tsakanin gidaje a kan indararo take farawa. Ka kuma leƙa ofishin ƙaramar hukuma ka tambaya ko irin wannan ƙari yana buƙatar takarda a unguwarku.

Tsohon magini, Mayurno:
Allah Ya ƙara ilimi, Malam. Ta fuskar gini ma, ko maƙwabcin ya yarda, kada a ɗora. Katanga ita ce ta fi komai motsi a baƙar laka, domin tushenta ba shi da zurfi kuma ruwa yana dukanta ta fuska biyu. Ginshiƙan arewa su tsaya kusa da ita, rufin ya yi tudu a can ya gangaro kudu, ruwan ya zuba a gidanka. Ka sa kwararo a bakin kwanon da bututu zuwa ganga, abin da ya yi saura kuma ka yi masa magudana da bulo ya fita titi, nesa da tushen ɗakunan da aƙalla mita biyu. Gangar a rufe ta sosai, kun ga zazzaɓin dengi da ya addabi Gadarif a 2023, saurayen da suke kawo shi a tsabtataccen ruwan da aka adana suke ƙyanƙyasa. Ɗan tsakanin da zai rage tsakanin katanga da hanyar kuma a rufe samansa, kada ya zama maɓoyar ruwa da kunamu. Idan akwai dogon yaro kusa, ka faɗa mini, domin saiwarsa tana shanye danshi a gefe ɗaya.

Mai tambaya, Gadarif:
Babu itace a wannan gefen, Baba. Na yi awon tiyo da yammacin nan, ƙofar ɗakin ɗinkin ta fi ta baranda tudu da santimita 18. Inna ta ce ta fi son bulo domin kankare yana da sanyi a ƙafa lokacin hunturu, maiɗakina kuma ta goyi bayan Hajiya a kan mashigar baƙi. Saura abu ɗaya: yanzu wutar ɗakin ɗinkin da doguwar waya ake ja daga soket ɗin baranda, tana rataye a sama. Zan iya bi da ita ta jikin sabon rufin?

Mai aikin lantarki, Makka:
Ƙanena, wannan wayar da ke rataye ita ce ta fi duk abin da aka ambata haɗari, kuma da zarar ka kafa ƙarfe da kwano, haɗarin ya ninka, domin waya ɗaya da ta goge a jikin bututu za ta sa duk rumfar ta ɗauki wuta, har da ƙarfen da Inna za ta dafa. Ɗakin yana buƙatar layinsa daga akwatin rarraba wuta na gidan, da nasa makatsin, wato na'urar da take yanke wuta idan ta yi yawa. Soket na keken ɗinki da dutsen guga a ja masa waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, fitilu kuma 1.5, duk a cikin bututun roba. Ina fifita ka binne bututun yanzu, tunda za ka kwashe ƙasa, a zurfin kamar rabin mita, a kwantar da shi cikin yashi, a jera bulo a kansa domin mai haƙa nan gaba ya ankara. Inda zai shiga bango a sa guntu mai lanƙwasuwa a bar wa wayar sassauci, saboda motsin da Baba ya yi bayani. Ka binne bututu na biyu babu komai a ciki sai igiyar ja, domin ranar da za ka sa sola.

Dole ne a haɗa ƙarfen rumfar da wayar ƙasa, a kuma sa na'urar da take katse wuta idan ta zurara, mai miliamfiya 30. Haƙa da shimfiɗa bututu naka ne, amma haɗawa a akwati ka kira wanda ya iya, ya gwada a gabanka kafin a ɗora kwano. Fitilar hanyar kuma a yi mata makunni biyu, ɗaya a bakin baranda ɗaya a bakin ɗakin, domin kada Inna ta taka duhu idan ta fito sallar asuba. Ka aiko mini da nisan akwatin daga baranda da abubuwan da ake kunnawa a ɗakin, zan lissafa maka girman makatsin.